Wasiƙar Wa, Zuwa Ga Wa? Naɗin Jakadu Tsakanin Birtaniya da Biyetnam

A shekarar 1822 wani Bature mai suna John Crawfurd ya isa Hue, birnin sarautar gidan Nguyen na Biyetnam, ɗauke da wasiƙa da tsaraba, yana neman a buɗe wa fataken Ingila ƙofar ciniki. An sauke shi, manyan fadawa sun zauna da shi, amma Sarki Minh Mang ya ƙi ba shi damar shiga gaisuwa. Hujjar fada ita ce, wasiƙar da ya kawo daga Gwamna-Janar na Indiya ta fito, shi kuwa bara ne na Sarkin Ingila, kuma sarki ba ya karɓar manzon bara. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ba baƙo ba ne a yankin, domin ya taɓa riƙe gidan ciniki a Tonkin daga 1672 zuwa 1697, amma tsohuwar sanayya ba ta maye gurbin hatimin da ake nema ba. Crawfurd ya juya bai ga fuskar sarki ba.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin izza irin ta tsoffin fadoji. Ni a nawa ganin, fadar Hue ta ɗora yatsa a kan tambayar da duk wani naɗin jakada ya rataya a kanta: wa ya aiko ka, kuma wurin wa aka aiko ka? Tarihin hulɗar Birtaniya da Biyetnam daga 1945 zuwa yau, in aka tace shi, jayayya ce a kan waɗannan sunaye biyu. Ya kamata manazarta Hausa su dube shi, domin kalmomin da muke fassara irin waɗannan labarai da su suna rufe jayayyar maimakon su fito da ita.

Kalmar "jakada" tana da tsohon gida a tsarin sarautar Hausa. Jakada shi ne tsani tsakanin hakimin da ke zaune a birni da garuruwan da ke ƙarƙashinsa: ya kai umarni, ya tattaro haraji, ya dawo da labari. Jakadiya kuma ita ce mai shiga tsakanin sarki da cikin gida. M. G. Smith ya yi bayanin aikin jakadun a littafinsa kan sarautar Zazzau da aka buga a 1960. Abin lura shi ne, jakadan gargajiya daga sama yake sauka zuwa ƙasa. Zuwansa gari ba ya buƙatar yardar garin. Jakadan zamani kuwa tsakanin tsara da tsara yake tafiya. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta ce sai ƙasar da za a tura mutum ta amince da shi kafin a naɗa shi, kuma in ta ƙi ba dole ne ta faɗi dalili ba. Da muka ɗora tsohuwar kalma a kan sabon aiki, wannan sharaɗi na yarda ya salwanta a hanya. Sannan muka ƙara da "ƙaramin jakada", wanda ke sa mai sauraro ya zaci bambancin girma ne kawai, alhali aikin ne ya bambanta: shi wannan da fasfo, da fatake, da fursunoni, da gawawwakin 'yan ƙasarsa yake fama, kuma zamansa a gari bai zama shaidar cewa ƙasarsa ta amince da gwamnatin wurin ba. A wannan ɗan tsukin ne Birtaniya ta zauna a Hanoi kusan shekara ashirin.

Kafin a kai can, akwai mafarin da jawaban bukukuwan zumunci ba su cika ambata ba. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, an raba aikin kwance wa sojojinta ɗamara a Biyetnam gida biyu: arewa ga sojojin Sin, kudu ga Birtaniya. Ho Chi Minh ya shelanta 'yancin kai a Hanoi ranar 2 ga Satumba. Cikin watan ne Manjo-Janar Douglas Gracey ya sauka Saigon da runduna ta 20 ta sojojin Indiya. Ya ƙi hulɗa da kwamitin 'yan Viet Minh da ya tarar yana tafiyar da birnin, ya kafa dokar soja, ya bari aka ba Faransawan da aka sako daga kurkukun Japan makamai. Ranar 23 ga Satumba Faransawa suka ƙwace manyan gine-ginen gwamnati, kuma har yau Biyetnam tana tunawa da ranar a matsayin farkon gwagwarmayar kudu. Da faɗa ya yi tsanani, har sojojin Japan da aka zo karɓe wa bindigogi aka sa suka yaƙi 'yan kishin ƙasar. Gracey ya bar Saigon a Janairun 1946, ya bar Faransa a kan kujera. Masu kare shi suna cewa hargitsi ya tarar, kuma hana zubar da jini ya sa a gaba. Ko da an yarda da haka, hukuncin farko da wani babban jami'in Birtaniya ya yanke a ƙasar shi ne na wanda ya cancanci a yi magana da shi, kuma ya zaɓi mai mulkin mallaka.

A Fabrairun 1950 Birtaniya da Amurka suka amince da gwamnatin Bao Dai wadda Faransa ta ɗaure wa gindi, aka buɗe ofishin jakadanci a Saigon. Shekara huɗu bayan haka, sai ga Birtaniya ta zama ɗaya daga cikin shugabanni biyu na taron Janiba, Anthony Eden a gefe guda, Molotov na Tarayyar Sobiyet a ɗaya gefen. Taron ya raba ƙasar biyu na wucin gadi, da alkawarin zaɓe a 1956, zaɓen da ba a taɓa yi ba. Daga nan Landan ta shiga wani hali mai wuyar sha'ani: alƙaliya ce a Janiba, kuma ƙawa ce ga ɗaya daga cikin masu shari'ar. Daga 1961 har ta aika da tawagar masu ba da shawara ƙarƙashin Robert Thompson, wanda ya yi suna a yaƙin sunƙurun Malaya, domin su koya wa gwamnatin Saigon dabarar tattara manoma a ƙauyuka masu shinge.

Duk da haka ba ta rufe ƙaramin ofishinta na Hanoi ba. An buɗe shi tun zamanin Faransa, kuma da Faransawa suka kwashe kayansu sai ya ci gaba da zama a babban birnin gwamnatin da Birtaniya ba ta amince da ita ba. Ita ma gwamnatin Arewa ba ta ɗauki mai riƙe da shi a matsayin wakilin wata ƙasa ba. Ta hannun hukumar birnin Hanoi ake hulɗa da shi, kamar kowane baƙo mai zaman alfarma. An taƙaita masa zirga-zirga, ba ya ganin manya sai a taron jama'a. Amma ba a kore shi ba, kuma ba a janye shi ba, har a shekarun da jiragen Amurka ke ruwan bama-bamai a kewayen birnin. John Colvin da Brian Stewart sun riƙe ofishin a tsakiyar shekarun yaƙin, sannan Daphne Park daga 1969 zuwa 1970, wadda ta riga ta yi aiki a Kwango lokacin rikicin Lumumba, daga baya kuma ta shugabanci Kwalejin Somerville ta Jami'ar Oxford. A yau ba sirri ba ne cewa waɗannan mutane jami'an leƙen asiri ne.

A nan mai suka zai ce, to ai wannan ba jakadanci ba ne, tagar leƙe ce aka lulluɓe da tuta. Akwai gaskiya a ciki, kuma da wuya a ce hukumomin Hanoi ba su san irin baƙin da suke saukewa ba. Sai dai tambayar da ta fi amfani ita ce, me ya sa suka bar tagar a buɗe? Gwamnatin da ke cikin yaƙi tana da buƙatar wani ido daga ɓangaren abokan gaba ya ga cewa birninta bai durƙusa ba, kuma tana da buƙatar ƙofa, ko da ta baya ce, zuwa ga ɗaya daga cikin shugabannin Janiba. Kowane ɓangare ya ci ribar rashin fayyace matsayin ofishin. Da an tilasta a ba shi suna, ko dai Landan ta amince da Hanoi ta ɓata wa Washinton rai, ko Hanoi ta kori mutumin. Rashin wasiƙar naɗi shi ne ya raya shi.

Idan aka gwada wannan zaman haƙuri da manyan yunƙurin da aka yi wa shela, bambancin yana fitowa sarai. Firayim Minista Harold Wilson ya ƙi tura sojoji duk da matsin Shugaba Lyndon Johnson, kuma ya so ƙwarai a ce shi ne ya sasanta yaƙin. A taron shugabannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Landan a Yunin 1965, ya sa aka kafa tawagar neman sulhu da shi kansa zai jagoranta, tare da Kwame Nkrumah na Gana, da Eric Williams na Tirinidad, da Firayim Ministan Nijeriya, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Julius Nyerere na Tanzaniya ya tsame hannunsa tun a zauren taro. Mosko da Bejin da Hanoi duk suka ƙi karɓar tawagar, don haka Ɓalewa bai taɓa yin wannan tafiya ba. Hanoi ba ta da wata ƙullalliya da Nijeriya ko Gana. Abin da ta duba shi ne sunan da ke saman takardar, wato Wilson, wanda take gani ɗan koren Amurka ne. Shaidar haka ita ce, ta gayyaci Nkrumah shi kaɗai ba tare da laimar Wilson ba. Yana kan hanyar amsa wannan gayyata, ya yada zango a Bejin, sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 24 ga Fabrairun 1966, makonni kaɗan bayan kisan Ɓalewa. Shi kuma Wilson ya aika da wani ƙaramin ministansa, Harold Davies, zuwa Hanoi a Yulin 1965, bisa dogaro da tsohuwar sanayyarsa da shugabannin Arewa. An bar shi da ƙananan jami'ai har ya gaji ya koma. Shekara ɗari da arba'in da uku bayan Crawfurd, wani manzon Birtaniya ya sake juyawa bai ga mai gida ba.

Bayan yarjejeniyar Faris ta Janairun 1973, ƙasashen biyu suka ƙulla hulɗar jakadanci ranar 11 ga Satumban shekarar, ranar da ake ƙirga shekarun zumuncinsu daga gare ta. Amma labarin bai miƙe nan take ba. Birtaniya ta naɗa John Fawcett jakada, ya isa Hanoi a 1974, sai gwamnatin Arewa ta ƙi karɓar wasiƙarsa, saboda Landan ba ta amince da Gwamnatin Juyin Juya Hali ta Wucin Gadi ba, wato gwamnatin da 'yan gwagwarmayar kudu suka kafa don yin kishiya da ta Saigon. Ya zauna yana jira, daga ƙarshe ya bar ƙasar da wasiƙarsa a jaka, aka bar ofishin a hannun muƙaddashi. Wannan karon babu tantama a kan wanda ya aiko shi, domin Sarauniya Elizabeth ce ta sa hannu. Gardamar a kan ɗaya sunan take: Biyetnam nawa ce, kuma wace ce halattacciya a kudu? Bindiga ce ta yanke gardamar ranar 30 ga Afrilun 1975 da Saigon ta faɗi. An haɗe ƙasar a Yulin 1976, jakadan Birtaniya ya zama guda ɗaya, mazauninsa Hanoi.

Ga mai fassara labarai, batun Fawcett jarrabawa ce. Mun saba cewa jakada "ya miƙa takardun kama aiki", sai ka ce sabon akawu ne ya je ofishin ma'aikata. Da wannan lafazi, ta yaya za a fahimtar da mai sauraro cewa ƙin karɓar takardar magana ce ta siyasa mai nauyin gaske? Takardar wasiƙa ce daga shugaban ƙasa zuwa ga takwaransa, yana roƙon a gaskata duk abin da mai ɗauke da ita zai faɗa da sunansa. "Wasiƙar wakilci" ko "wasiƙar gaskatawa" ta fi kusa da ma'anar, kuma tana barin sarari a tambayi wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa.

Samun cikakken jakada bai kawo ɗasawa ba. Biyetnam ta mamaye Kambodiya a ƙarshen 1978, gwamnatin Margaret Thatcher ta dakatar da agaji, sannan ga dubban mutane suna tserewa ta teku a cikin kwale-kwale. Da yawansu Hong Kong suka nufa, wadda take hannun Birtaniya a lokacin. Gwamnanta kuwa, Murray MacLehose, shi ne jakadan Birtaniya a Saigon daga 1967 zuwa 1969. Mutanen ƙasar da ya taɓa zama baƙonta ne suka zo suna ƙwanƙwasa masa ƙofa. A taron Janiba na Yulin 1979 Birtaniya ta yi alkawarin karɓar mutum dubu goma. Fiye da mutum dubu ɗari biyu ne suka ratsa sansanonin Hong Kong kafin a rufe na ƙarshe a shekarar 2000. Daga Yunin 1988 aka fara tantance masu zuwa, ana raba ɗan gudun hijira da mai neman abinci, kuma ranar 12 ga Disamban 1989 aka sa mutum 51, galibinsu mata da yara, a jirgin sama da ƙarfi aka mayar da su Hanoi. Duniya ta yi Allah wadai. Irin wannan mayarwa ba ta yiwuwa sai da jakadan da zai zauna da hukumomin Hanoi a daidaita sunaye da ranaku da sharuɗɗa. Ofishin da ake yabo saboda ya riƙe ƙofa a buɗe, ta ƙofar nan ce aka tura waɗanda suka gudu. Duk wanda zai yabi ci gaba da hulɗa, kamar yadda nake yi, dole ya ɗauki wannan nauyi tare da yabon.

Abin da ya biyo baya sananne ne kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Biyetnam ta buɗe tattalin arzikinta daga 1986. Amurka ba ta maido da hulɗa ba sai 1995, shekara ashirin da biyu bayan Birtaniya. A 2010 aka ɗaga dangantakar zuwa ƙawance na musamman, David Cameron ya zama Firayim Ministan Birtaniya na farko da ya ziyarci ƙasar yana kan mulki a 2015, kuma da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai aka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen biyu a Disamban 2020. Wayoyi, takalma, tufafi da gahawa suna kwarara zuwa Birtaniya. Ɗalibai suna bin sahu. Jakadun wannan zamani, irin su Mark Kent, da Giles Lever, da Gareth Ward, da Iain Frew wanda aka naɗa a 2022, ma'aikatan hulɗar waje ne da suka taso cikin aikin, ba 'yan siyasar da aka saka wa da kujera ba, kuma babu wanda aka bari yana jira da wasiƙa a hannu.

Sai dai tsohuwar tambayar ta sake kama. Sarkin Ingila ne ke sa hannu a wasiƙar jakada, alhali ba shi ke mulki ba; Shugaban Ƙasar Biyetnam ne ke karɓarta, alhali babban iko yana hannun Babban Sakataren Jam'iyyar Kwaminis. Landan ta san da haka, shi ya sa ta karɓi Nguyen Phu Trong a 2013 da To Lam a Oktoban 2025, ko da yake a lokutan ziyarar babu ɗayansu da ke riƙe da kujerar shugaban ƙasa. A ziyarar ta biyu aka ɗaga dangantakar zuwa mataki mafi girma a tsarin hulɗar Biyetnam. Da ma'aunin Minh Mang za a bi, da an yi gardama a kan wa ya isa ya zauna da wa. Yanzu kowa ya yarda a bar sunayen girmamawa a kan takarda, a yi maganar gaske da masu iko.

Takardun haɗin gwiwa suna yawan ambaton zumuncin al'ummomin biyu, har a tuna cewa Ho Chi Minh ya yi aikin ɗakin girki a otal ɗin Carlton na Landan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka kafa allon tunawa da shi. Amma haɗuwar al'ummomin da ta fi girgiza zukata a wannan ƙarni ta faru ne ranar 23 ga Oktoban 2019, lokacin da aka buɗe bayan wata babbar motar dakon kaya a garin Grays na yankin Essex aka tarar da gawar 'yan Biyetnam 39. An ɗauko su daga tashar ruwan Zeebrugge ta Beljiyam, iska ta ƙare musu a hanya. Da yawansu 'yan lardunan Nghe An da Ha Tinh ne, kuma Nghe An ita ce mahaifar Ho Chi Minh. Aikin gano sunayensu da mayar da su gida, aikin nan ne da muke raina wa suna da "ƙaramin" jakadanci. A farkon 2024 'yan Biyetnam suna cikin waɗanda suka fi yawa a masu ƙetara teku daga Faransa zuwa Ingila a ƙananan jiragen ruwa, kuma yarjejeniyar hanzarta mayar da waɗanda ba su da izinin zama tana cikin abin da aka sa wa hannu a ziyarar To Lam.

Nan ne nake ganin Birtaniya tana neman mance darasin da ita kanta ta koyar. Ƙaramin ofishinta na Hanoi ya nuna cewa ana iya zama a gidan mutum ba tare da an sa masa albarka ba. Yanzu da take da cikakken jakada, da yarjejeniyar ciniki, da buƙatar Hanoi ta karɓi waɗanda za a mayar, abin da zai hana ta buɗe baki ya ƙaru. Biyetnam ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya da ke ɗaure marubuta. An yanke wa 'yar jarida Pham Doan Trang hukuncin shekara tara a Disamban 2021 bisa zargin yaɗa farfaganda a kan gwamnati. Ban ce a janye jakada ba, domin kujerar da babu kowa a kanta ba ta taɓa fito da fursuna ba. Abin da nake cewa shi ne, duk lokacin da aka sanar da sabon naɗi, a Landan ko a Hanoi, 'yan majalisa da 'yan jarida su tambayi abin da aka umarci mutumin ya faɗa da sunan wanda ya aiko shi. Game da yarjejeniyar mayarwa kuma, su tambayi wanda zai bi sawun waɗanda aka sauke a filin jirgin Hanoi bayan wata shida, ya ga ko suna gidajensu, ko suna hannun 'yan sanda, ko sun sake cin bashi sun kama hanya. A shekarun 1990 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ma'aikata da ke bin waɗanda aka mayar daga Hong Kong har ƙauyukansu suna duba halinsu. Ya kamata majalisar dokokin Birtaniya ta nemi a bayyana mata a fili ko ofishin jakadancinta na Hanoi zai ɗauki irin wannan aiki, da ma'aikata nawa, kuma wa za a riƙa ba rahoton.